Keken da Ba Ya Hutu

A bayan shagon Tsalha, can Tsohuwar Panteka,
inda ƙarfe kan je ya mutu a sake tashinsa,
na gan shi rataye a ƙusa:
firam tsirara, ba taya, ba sirdi,
kamar ƙashin zabo bayan an watse daga walima.

"Na tsere ne," in ji Tsalha.
"Can inda ya fito, fili gare su kamar akushi,
su yi ta zagaye, ba mota, ba akuya."
Na shafa shi. Babu ko hujin birki.
Ga lotsawa a ciki, daidai babban yatsa,
wani ya taɓa faɗuwa da shi a ƙasar da ban sani ba.

Na taya dubu sha takwas, ya ce albarka.
Na juya, har na tsallake kwata,
ya ƙwala mini kira.
A ashirin da biyu ya sallama.
Na saɓo shi a kafaɗa har Unguwar Sanusi,
yara na tambaya ina sauran.

Araha ba ta ado, na sani.
Zaren gindin feda ya cinye,
fentin kuwa na ɓoye tsatsa ne.
Baba Dogara ya ɗora shi a kan benci,
ya rufe ido ɗaya, ya daɗe yana dubansa.
"Bai karkace ba," ya ce. Shi ke nan abin da ya ce.

Wata uku muka yi.
Albashin farko ya sayi gare biyu,
na biyu sarƙa da boris da ƙaho,
na uku bai zo da wuri ba.
Sifoka talatin da biyu kowace ƙafa,
Dogara na ɗaure su yana kaɗawa da farce,
yana sauraro kamar mai gyaran molo.
Sai haƙora goma sha shida,
ya murɗa su a cibiyar baya, ya kulle da zobe.
Ba firi. In taya ta juya, ƙafa ta juya.

Na ce ba na son birki, haka ake yayinsa.
Ya ɗauko abin huji bai dube ni ba.
"Nan Kaduna ce. Mai adaidaita ba ya shawara da kowa."

Ranar Asabar na fita, gari bai gama wayewa ba.
A gangaren Kabala na manta,
na saki ƙafa in huta kamar yadda na saba,
feda ta ɗaga ni sama kamar ɗan maraƙi ya yi tutsu.
Sarƙa ta cinye bakin wandona,
kwalta ta karɓi zakkarta a gwiwa.
Mai shayi ya ce sannu, yana danne dariya.

Da yamma na kai wa Inna wandon
a rumfarta ta Kasuwar Barci.
Ta saurari labarin, allura a baki.
"Wannan ne sabon abu?"
Ta dafa wilin kekenta, ta ba shi hannu,
ƙafafunta suka karɓa.
Shekara ashirin da bakwai tana taka shi,
bai taɓa tafiya ya bar ta ba,
ba ta taɓa hutawa yana gudu ba.
"In za ka tsaya, tun daga nesa za ka fara,
ka riƙa danne shi a hankali, kada zare ya tsinke."

Yanzu in na hau gadar Kawo
cinyata ce ke sanin tsayinta.
In na sauko ina jin titi a tafin ƙafa,
kowane faci, kowane yashi.
Lotsawar nan tana nan, ban cike ta ba.
Na ƙara masa tawa a gefen hagu.